Tambaya da Amsa: Masana'antun Iran Tsakanin Yaƙi da Kwaɗayin Baƙi

A 'yan makonnin nan wasiƙu da dama sun iso wannan fili a kan ƙasar Iran, kuma abin da ya ja hankalina shi ne yawancinsu tattalin arziki suka shafa: yadda ƙasar ta kafa masana'antunta, da abin da yaƙe-yaƙe suka yi musu, da rawar da kamfanonin ƙasashen waje suka taka a cikin lamarin. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita gaishe-gaishen da suka zo da su saboda ƙarancin wuri, ina kuma neman afuwar waɗanda ba su ga tasu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma wani ɗalibina ya yi mini tambayar da ta tsaya mini a rai. Ya ce, tun da Iran ta shelanta cewa ita 'yar ba-ruwanmu ce a Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu, me ya sa sojojin ƙasashen waje suka mamaye ta a dukkan yaƙe-yaƙen biyu? Daga wani malamin makaranta, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi wa ɗalibin nan albarka, domin ya taɓo inda gizo ke saƙa. Ƙasa ba ta samun damar tsame hannunta daga faɗa matuƙar dukiyar da masu faɗan suke buƙata tana kwance a cikinta, alhali ragamar dukiyar tana hannun ɗaya daga cikinsu. Halin da Iran ta samu kanta a ciki ke nan, kuma tushensa ya girmi yaƙe-yaƙen biyu.

A shekarar 1901 Sarki Muzaffaruddin Shah ya ba wani attajiri ɗan Birtaniya mai suna William Knox D'Arcy izinin neman mai a mafi yawan faɗin ƙasar har na tsawon shekara 60. Abin da aka ba Iran shi ne fam 20,000 a hannu, da hannun jari na wani fam 20,000, da kashi 16 cikin 100 na ribar da kamfanin zai ce ya samu. A lura da wannan magana ta ƙarshe, domin litattafan lissafin suna hannun kamfanin, kuma shi ne yake faɗin ribar. An tono mai a Masjid Sulaiman a watan Mayun 1908, aka kafa kamfanin Anglo-Persian a 1909, aka gina matatar Abadan a bakin kogin Shaɗɗul Arab. A daidai wannan lokaci ne rundunar sojan ruwan Birtaniya take sauya jiragenta daga amfani da kwal zuwa amfani da mai, sai Winston Churchill, wanda yake riƙe da ma'aikatar sojan ruwa, ya shawo kan majalisar ƙasarsa a 1914 ta sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin a kan fam miliyan 2.2, makonni kaɗan kafin yaƙi ya ɓarke. Daga ranar nan rijiyoyin Khuzistan, lardin da man yake a kudu maso yammacin ƙasar, sun zama wani ɓangare na kayan yaƙin Birtaniya, ko Tehran ta yarda ko ba ta yarda ba. Sojojin Birtaniya suka sauka a kudu domin tsaron matatar, na Rasha suka riƙe arewa kamar yadda ƙasashen biyu suka raba wa kansu yankunan tasiri tun 1907, na Daular Usmaniyya suka kutso ta yamma. A 1915 aka fasa bututun man, aka ƙara turo soja. Noma ya lalace, rundunoni suka saye hatsi, fari ya zo ya ƙara, kuma yunwar da ta biyo baya daga 1917 zuwa 1919 ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa.

Riza Shah, wanda ya hau mulki a 1925, ya ga wannan da idonsa, shi ya sa ya nemi aboki na uku wanda ba Birtaniya ba kuma ba Rasha ba. Jamus ta dace da bukatarsa, domin tana da injuna, tana son auduga da ulu da fatu, kuma ba ta taɓa mamayar ƙasarsa ba. A 1935 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar musayar kaya da kaya, ta yadda kafin 1941 kusan rabin cinikin Iran da ƙasashen waje da Jamus take yin sa. To, da Hitler ya auka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yunin 1941, sai tsofaffin kishiyoyin nan biyu, Birtaniya da Rasha, suka haɗa kai. Hujjar da suka bayar ita ce akwai Jamusawa masu aiki a Iran, amma abin da suke so a zahiri abu biyu ne: matatar Abadan, da hanyar kai wa Sobiyet kayan yaƙi daga Tekun Fasha. Suka shiga ranar 25 ga Agustan 1941, sojan Iran ya watse cikin 'yan kwanaki, Riza Shah ya yi murabus ranar 16 ga Satumba ya bar wa ɗansa gadon sarauta, aka kai shi tsibirin Mauritius sannan Johannesburg, inda ya rasu a 1944. Sai ka gaya wa ɗalibinka cewa shelar ba-ruwanmu tana amfani ne ga wanda yake riƙe da makullan gidansa.

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Na yi shekara 22 ina aiki a masaƙa kafin ta durƙushe, don haka duk inda aka ambaci masana'anta sai in kasa kunne. Shin Iran tana da masana'antu kafin wannan mamaya ta 1941? In tana da su, yaƙin ya kashe su ne ko ya raya su? Daga wani tsohon ma'aikacin masaƙa, Kaduna.

AMSA: Baba, Allah ya saka da alheri a kan wannan tambaya, ya kuma ba ka ladan guminka. Iran tana da masana'antu, kuma yadda aka gina su abin a tsaya a duba ne. A 1925 masana'antun zamani da ke ƙasar ba su kai 20 ba, amma zuwa 1941 sun haura 300. Akwai masana'antun sukari a Kahrizak da Karaj, da ta siminti a Rayy kusa da Tehran, da ta siliki a Chalus, da masaƙar gwamnati a Shahi, da masana'antun ashana a Tabriz. Birnin Isfahan kuwa shi ne Kadunar ƙasar a wancan zamani, da manyan masaƙu tara masu ma'aikata sama da 10,000. Gwamnati ta kafa Bank Melli, wato bankin ƙasa, ta kuma karɓe ikon buga takardun kuɗi daga hannun wani bankin Ingilishi da ya riƙe shi tun 1889. Babban abin alfaharinsu shi ne layin dogo mai tsawon kilomita 1,394 daga Tekun Fasha zuwa Tekun Kasfiyan, wanda aka gina daga 1927 zuwa 1938 ba tare da cin bashin waje ba. Da harajin sukari da ganyen shayi aka biya shi, ma'ana talakan Iran ne ya gina shi da kowane kofin shayin da ya sha. Wajibi ne in ƙara da cewa Riza Shah ya yi wannan aiki ne da mulkin danniya, ya hana ƙungiyoyin ƙwadago, ya kuma ƙwace wa kansa gonaki masu yawa a Mazandaran.

Amma duk da yawan gine-ginen, akwai rauni guda a jikinsu wanda kai ka fi ni saninsa: injunan na waje ne, kayan gyaransu na waje ne, rini da sinadarai na waje ne, manyan injiniyoyin ma baƙi ne. Zanen aro ba ya rufe katara. Misalin da ya fi ciwo shi ne masana'antar narkar da ƙarfe ta Karaj. An ba kamfanonin Jamus, Demag da Krupp, kwangilarta a ƙarshen shekarun 1930, gini ya yi nisa, sai mamaya ta zo, aka kori injiniyoyin, aka tare sauran injunan da suke kan hanya. Aikin ya tsaya cak, kuma Iran ba ta mallaki masana'antar ƙarfe ba sai bayan kusan shekara 30, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta gina mata ta Isfahan bisa yarjejeniyar 1966, ita kuma tana biya da iskar gas.

Game da masaƙu, amsar tana da fuska biyu. Da yaƙi ya toshe hanyar shigo da yadi, sai kasuwa ta zama ta masaƙun gida su kaɗai, kuma masu masaƙun Isfahan sun ci ribar da ba su taɓa mafarki ba. Sai dai ana ta gudanar da injunan dare da rana babu kayan gyara, suna ta cinyewa, albashin ma'aikaci kuma ba ya biyan kuɗin burodi. Jam'iyyar Tudeh ta 'yan gurguzu, wadda aka kafa a 1941, ta samu magoya baya sosai a cikin masaƙun, kuma a 1944 rikici tsakanin masu jari da ma'aikata ya kai ga rufe masaƙu da tarzoma a birnin. Da aka gama yaƙi aka buɗe ƙofa, yadin waje mai araha ya kwararo, sai tsofaffin injunan suka kasa gogayya, masaƙu da dama suka shiga halin ni-'yasu. Ribar shekarun yaƙin ba ta koma cikin sabunta injuna yadda ya kamata ba, kuma wannan laifin na 'yan ƙasa ne.

Su kuwa masu mamaya, abin da suke buƙata daga Iran hanya ce. Sun karɓe layin dogon nan da talaka ya biya, Sobiyet ta riƙe na arewacin Tehran, Birtaniya ta riƙe na kudu kafin ta miƙa wa Amurka, wadda ta kawo soja kusan 30,000. Kamfanin General Motors ya kafa wuraren harhaɗa manyan motoci a Andimeshk da Khurramshahr, kamfanin Douglas ya kafa na harhaɗa jiragen sama a Abadan. Sama da tan miliyan 4 na kaya suka ratsa ƙasar zuwa Sobiyet, ciki har da motoci sama da 180,000 da jiragen sama kusan 5,000. Dubban Iraniyawa sun yi aiki a wuraren nan, sun koyi tuƙi da kanikanci da walda, an faɗaɗa tashar jiragen ruwa ta Khurramshahr, an gyara hanyoyi, kuma ba adalci ba ne a ce ƙasar ba ta tsira da komai ba. Amma da aiki ya ƙare sai aka kwance wuraren harhaɗa motocin aka kwashe su.

Wanda ya biya kuɗin wannan hidima shi ne mai sayen burodi. Domin a samu riyal ɗin biyan ma'aikata da 'yan kwangila, an matsa wa majalisar Iran lamba a 1942 ta amince a yi ta buga takardun kuɗi, sai farashi ya yi ninkin-ba-ninki. Jiragen ƙasa da manyan motocin da ya kamata su ɗauko alkama daga karkara suna ɗauke da kayan yaƙi, hatsi da shinkafar arewa suna tafiya Sobiyet, masu ɓoye kaya na cikin gida kuma suka cika rumbunansu suna jiran farashi ya ƙara tashi. A watan Disambar 1942 jama'ar Tehran suka yi boren burodi, suka kutsa harabar majalisa, suka wawashe gidan Firayim Minista Ahmad Ƙawam. Annobar zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ta biyo baya. Zinariyar da Sobiyet ta ci bashin Iran a kan riyal ɗin da ta kashe, kimanin tan 11, ba ta biya ba sai a 1955. Masana'anta guda ce ta bunƙasa ba tare da tangarɗa ba, ita ce ta mai, domin bayan Japan ta kame Bama da Indunusiya a 1942, Abadan ta zama babbar madogarar man jiragen sama a gabas, kuma man da ake haƙowa ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 1941 da 1945. Ita kuwa ba ta Iraniyawa ba ce. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

TAMBAYA: Ina gaida Malam. Kakana ya kan ba mu labarin jiragen yaƙi da suke sauka a Kano lokacin yaƙin Hitila. Wani ya ce mini wasu daga cikinsu Iran suka nufa. Gaskiya ne? Kuma akwai wata alaƙa tsakanin man Iran da na Najeriya? Daga wata ɗaliba, Maraɗi.

AMSA: 'Yata, wanda ya gaya miki bai yi kuskure ba. A lokacin yaƙin an buɗe hanyar jiragen sama daga gaɓar Gana, wadda ake kira Gold Coast a lokacin, ta bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ta wuce Khartum zuwa Alƙahira. Yawancin jiragen fagen dagar Arewacin Afirka suka nufa, amma wasu daga cikin jiragen da Amurka ta ba Sobiyet sun bi wannan hanya har zuwa Basra da Abadan, inda matuƙan Sobiyet suke karɓarsu.

Alaƙar mai kuwa tana nan a cikin suna. Kamfanin da ya fara neman mai gadan-gadan a Najeriya daga ƙarshen shekarun 1930 sunansa Shell-D'Arcy, kuma D'Arcy ɗin nan shi ne wanda na ambata a amsar farko, domin kamfanin haɗin gwiwa ne tsakanin Shell da Anglo-Iranian, wato sunan da kamfanin Anglo-Persian ya koma. A 1954 Anglo-Iranian ya sauya suna zuwa British Petroleum, wato BP, kuma a 1956 aka samu mai a Oloibiri, shekarar da haɗin gwiwar ya koma Shell-BP. A 1979 gwamnatin Najeriya ta karɓe kadarorin BP saboda batun Afirka ta Kudu da Rodeshiya, gidajen mansa suka koma African Petroleum, wato AP.

TAMBAYA: Salam. Muna muhawara a kasuwa, wani abokina ya ce rikicin mai tsakanin Iran da Turawa a 1951 ya fara, lokacin Musaddiƙ. Ni kuma na ji an ce tun ana tsakiyar yaƙi Amurka da Rasha suka fara zawarcin man. Wa ke da gaskiya? Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano.

AMSA: Alhaji, gaskiya tana wajenka, kuma lamarin ma ya girmi yaƙin. Tun a 1932 Riza Shah ya soke yarjejeniyar D'Arcy bayan kuɗin da kamfanin ya biya ya faɗi warwas, amma a 1933 ya sa hannu a kan sabuwa wadda ta rage faɗin yankin zuwa murabba'in mil 100,000, ta tsayar da sule huɗu a kan kowane tan, sai dai ta tsawaita wa'adin har zuwa 1993. Iraniyawa ba su taɓa yafe wannan tsawaitawa ba.

A 1943 da 1944, ana cikin yaƙi, kamfanonin Amurka biyu, Standard-Vacuum da Sinclair, tare da Shell, suka turo wakilai Tehran suna neman izinin haƙar mai a kudu maso gabas. Da labari ya kai Mosko, sai ta turo mataimakin ministan harkokin wajenta, Sergei Kavtaradze, a watan Satumbar 1944, ya nemi man lardunan arewa, inda sojojin ƙasarsa suke girke. Ka duba matsayin Firayim Minista Muhammad Sa'id a lokacin: dukkan masu neman suna da soja a cikin gidansa. Ya yanke shawarar cewa ba za a ba kowa komai ba sai an gama yaƙi. Sobiyet ta fusata, 'yan Tudeh suka fito zanga-zanga motocin sojan Sobiyet suna biye da su, gwamnatinsa ta faɗi a watan Nuwamba.

A nan ne Dokta Muhammad Musaddiƙ, wanda yake ɗan majalisa mai wakiltar Tehran, ya yi abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a tarihin tattalin arzikin Iran na wancan zamani. Masu goyon bayan Sobiyet suna cewa tun da Ingilishi suna da kudu, adalci shi ne a ba Rasha arewa. Shi kuma ya kwatanta wannan da mutumin da aka yanke wa hannu ɗaya, sai ya miƙa ɗayan a yanke domin su daidaita. Manufarsa ita ce daidaito ta hanyar hana kowa. Ranar 2 ga Disambar 1944 majalisa ta amince da ƙudurinsa, wanda ya haramta wa kowane minista tattauna ba da izinin mai da baƙo, tare da hukuncin ɗauri ga wanda ya saɓa. Dokar ta yi aiki a 1946, lokacin da Sobiyet ta ƙi janye sojojinta daga lardin Azarbaijan duk da cewa yarjejeniyar Janairun 1942 ta tanadi kowa ya fita cikin wata shida bayan yaƙi. Ƙawam, wanda ya sake zama firayim minista, ya yi musu alkawarin kamfanin haɗin gwiwa da za su riƙe kashi 51 cikin 100, bisa sharaɗin majalisa ta amince. Sojojin suka fita a watan Mayu, majalisa kuma ta yi watsi da yarjejeniyar a watan Oktobar 1947 da ƙuri'a 102, biyu kacal suka goyi bayanta.

Wanda ya hana Rasha arewa kuwa dole ne a tambaye shi dalilin barin Ingilishi a kudu. Ma'aikatan Abadan sun yi gagarumin yajin aiki a watan Yulin 1946 a kan albashi da muhalli. A 1950 Iran ta karɓi kimanin fam miliyan 16 daga kamfanin, alhali harajin da gwamnatin Birtaniya ta karɓa daga gare shi ya ninka wannan fiye da sau biyu, kuma a ƙarshen shekarar kamfanin Aramco, wanda yake na Amurkawa a lokacin, ya yarda da rabon raba-daidai da Saudiyya. A watan Maris na 1951 majalisa ta mayar da man mallakar ƙasa, Birtaniya ta toshe wa man Iran kasuwa, a watan Agustan 1953 hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suka shirya juyin mulkin da ya kifar da Musaddiƙ, wanda yake firayim minista a lokacin. A rabon da aka yi a 1954, tsohon kamfanin ya samu kashi 40, kamfanonin Amurka kashi 40, Shell 14, kamfanin Faransa 6. Abin da Amurkawa suka zo nema a 1943 sun same shi bayan shekara 11.

TAMBAYA: Malam, sana'ata gyaran injuna ce. Ina yawan jin ana cewa yaƙin Iran da Iraƙi da takunkumi su ne suka koya wa Iran dogaro da kai, har ta kai tana ƙera mota da makamai. Shin yaƙi alheri ne ga masana'antu ke nan? Daga wani makaniki, Zangon Kumasi.

AMSA: Ɗan'uwa, akwai gaskiya a cikin maganar, amma ina roƙonka kada ka karɓe ta gaba ɗayanta, domin masu faɗinta sukan manta da abin da aka rasa. Yaƙin ya fara ne ranar 22 ga Satumbar 1980, ya tsaya ranar 20 ga Agustan 1988, kuma galibi an gwabza shi ne a Khuzistan da kewaye, inda mafi tsadar kadarorin ƙasar suke. Matatar Abadan, wadda take tace ganga sama da 600,000 a rana, ta ƙone a makonnin farko, har ƙasar da take cikin manyan masu arzikin mai ta koma shigo da tataccen mai. Khurramshahr, babbar tashar jiragen ruwan kasuwanci, ta faɗa hannun Iraƙi, kuma da aka ƙwato ta a watan Mayun 1982 kufai aka tarar.

Kamfanonin waje kuwa kowanne ya bi lissafinsa. Rukunin Mitsui na Japan yana gina katafariyar masana'antar sarrafa sinadaran mai a Bandar Shahpur, wadda ta koma Bandar Imam Khumaini, aiki ya kai kusan kashi 85 cikin 100 lokacin juyin juya halin 1979. Jiragen Iraƙi suka yi ta kai mata hari, daga ƙarshe Japanawan suka biya diyya suka zare hannunsu. Kamfanin Kraftwerk Union na Jamus ya fara ginin tashar nukiliya ta Bushehr a 1975, ya tsayar a 1979, aka yi ta jefa mata bama-bamai daga 1984, Jamusawa suka ƙi dawowa, sai a 1995 Rasha ta karɓi aikin, tashar ba ta ba da wuta ba sai 2011. A gefe guda Faransa tana sayar wa Iraƙi jiragen Mirage da makaman Exocet da ake harbin jiragen dakon mai da su a kusa da tsibirin Kharg, China tana sayar wa ɓangarorin biyu makamai, Jamus ta Yamma da Japan da Turkiyya kuma suna cikin manyan masu sayar wa Iran kayan masarufi da injuna.

Inda maganarka ta yi daidai shi ne batun kayan gyara, kuma a nan 'yan sana'arku ne suka riƙe ƙasar. Jiragen yaƙin da Shah, wato ɗan Riza Shah da ya gaje shi, ya saya, irin F-4 da F-14, na Amurka ne, Amurka kuma ta rufe ƙofa tun rikicin ofishin jakadancinta a watan Nuwambar 1979. Dole aka riƙa ciro kaya daga wannan jirgi a sa wa wancan, ana saye a kasuwar bayan fage da tsada, ana kuma auna abin da ya lalace a ƙera irinsa. Aka kafa sassa a cikin rundunoni da ma'aikatu da ake kira jihadin dogaro da kai. Shirin makamai masu linzami ma a lokacin ya samo asali, daga makaman Scud da aka samo daga Libiya sannan Koriya ta Arewa. Motar Paykan, wadda asalinta Hillman Hunter ce ta Ingila, tun 1967 ake kawo sassanta a cikin akwatuna ana harhaɗawa a Tehran. Ƙarancin kuɗin waje a lokacin yaƙi ya sa sassan suka riƙa yankewa, sai Iran ta sayi injunan ƙera su, kuma ƙananan masana'antun sassa da suka taso bayan yaƙin su ne ginshiƙin masana'antar motocinta a yau. An fara ginin masana'antar ƙarfe ta Mubarakeh kusa da Isfahan a 1981 tare da kamfanonin Italiya, ta fara aiki a farkon shekarun 1990.

Sai dai ka lura cewa ba daga sama wannan ƙwarewa ta faɗo ba. Injiniyoyi da ma'aikatan da suka yi aikin an horar da su ne a jami'o'i da masana'antun da aka gina a shekarun zaman lafiya na 1960 da 1970. Yaƙin ya tilasta a yi amfani da su, amma ba shi ya samar da su ba, hasali ma ya cinye da yawa daga cikinsu a fagen daga, wasu kuma suka bar ƙasar. Gwamnatin Firayim Minista Mir Husaini Musawi ta raba abinci da man girki ta hanyar takardun rabo, ta hana a maimaita yunwar 1942, kuma ta cancanci yabo a kan haka. Amma masana'antun da gwamnati ta karɓe a 1979 sun yi ta aiki ƙasa da ƙarfinsu saboda rashin kayan sarrafawa, musamman bayan faɗuwar farashin mai a 1986, kuma abin da ɗan ƙasa yake samu ya ragu ƙwarai. Bayan yaƙin, injunan gini da ƙwararrun Dakarun Juyin Juya Hali suka zama kamfanin Khatamul Anbiya, wanda ya mamaye manyan kwangiloli har 'yan kasuwa masu zaman kansu suna kuka da shi.

Tsoron baƙo kuwa an rubuta shi a cikin tsarin mulkin 1979, inda sashe na 81 ya haramta ba wa baƙi irin izinin da aka ba D'Arcy. Shi ya sa da aka buƙaci jarin waje domin gyaran rijiyoyi, sai aka ƙirƙiro kwangilar da kamfani zai zuba kuɗinsa, a biya shi daga abin da aka haƙo, ba tare da ya mallaki rijiyar ba. Kamfanin farko da aka zaɓa a 1995 na Amurka ne, Conoco, amma Shugaba Clinton ya hana, sai Total na Faransa ya karɓa. A 2017 Total ya sake sa hannu a kan kashi na 11 na filin iskar gas na Fars ta Kudu, ya janye a 2018 da Amurka ta maido da takunkumi, kamfanin CNPC na China ya bi bayansa a 2019. Kamfanin Petropars na Iran ne ya ƙarasa aikin, aka fara fitar da gas a watan Agustan 2023.